Gishiri, Maƙoƙo da Mataimakan da ke Cikin Ƙwayar Jiki

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Katsina zuwa Maraɗi lalle ne ya ratsa ta ƙasar Jibiya, ya tsaya a Magama inda shingen kan iyaka yake, sa'an nan ya ƙetara zuwa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla a farkon ƙarni na 20, amma hanyar ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun zamanin ayarin raƙuma ake shigowa ƙasar Hausa da kantun gishiri daga Bilma, da kanwa, da dabino, a koma da gero da tufafi. A yau manyan motoci sun karɓi aikin raƙuma, kuma gishirin masana'antu ya mamaye kasuwa, amma har yanzu gishiri yana cikin kayan da ba a raba kasuwannin kan iyaka da su.

A shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin cikin gishirin da mutane za su ci. Ma'aikacin da aka ɗora wa aikin duba buhunan gishiri yana iya tambayar kansa dalilin da ya sa hukuma ta damu da wani ɗan abu wanda ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ɗanɗanawa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, rashin aidin yana kawo maƙoƙo. Wannan gaskiya ne, sai dai bai ƙare zancen ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun aidin daga buhu har zuwa cikin ƙwayar jikin ɗan Adam, a ga abin da yake yi a can, a kuma bayyana aikin wasu furotin waɗanda masana suka gano a shekarar 1995, waɗanda za a riƙa kira mataimaka a nan. Sanin aikinsu shi ya warware wasu matsaloli da suka daɗe suna ɗaure wa likitoci kai.

Ƙwayar jiki da littafin gado

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi fiye da tiriliyan 30, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Galibin ire-iren ƙwayoyin jiki suna da wani ɗan ɗaki a tsakiyarsu, wanda za a kira cibiya. A cikin cibiyar nan ake ajiye wani dogon zare mai suna DNA, wanda mutum ya gado rabinsa daga uwa, rabinsa daga uba. Da za a warware zaren ƙwaya guda a miƙe shi, tsawonsa zai kai kamar mita 2, alhali kuwa faɗin cibiyar da aka cusa shi ciki bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba.

A jikin zaren nan aka rubuta umarnin ƙera furotin iri iri, watau kayan aikin da jiki yake gina kansa da su, yake kuma tafiyar da harkokinsa. Kowane yanki na zaren da ke ɗauke da umarnin furotin guda shi ake kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da kimanin 20,000 irinsu. Abin lura shi ne, littafin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne ke cikin ƙwayar ƙwaƙwalwa, shi ne kuma ke cikin ƙwayar fata. Bambancinsu ya taso ne daga shafukan da kowace take buɗewa ta karanta, da waɗanda ta bari a rufe.

Domin zaren ya sami shiga cibiya, an naɗe shi a jikin wasu dunƙulallun furotin masu suna histon, kamar yadda masaƙi yake naɗe zare a kwarkwaro. Inda naɗin ya yi tsauri, furotin mai kwafar umarni ba ya iya kaiwa ga rubutun, sai ƙwayar gadon ta yi shiru. Inda naɗin ya yi sako-sako kuwa, sai a kwafi umarnin, a fitar da kwafin wajen cibiya, a ƙera furotin. Saboda haka duk abin da ke da ikon tsaurara naɗin nan ko sassauta shi, shi ke riƙe da ragamar ƙwayar jiki.

Homon da makarɓinsa

Gaɓoɓin jiki suna aika wa juna saƙo ta hanyar jini. Sinadarin da ke ɗauke da saƙon shi ake kira homon, sunan da wani masanin Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da shi a 1905. Akwai homon da ke tsayawa a bakin ƙwayar jiki ya ba da saƙonsa daga waje, kamar insulin. Akwai kuma waɗanda suke kutsawa ciki har su isa ga zaren gado. Cikin waɗannan akwai istirojin da furojestaron na mata, da testostaron na maza, da kotisol wanda ke ƙaruwa lokacin wahala ko firgita, da kuma homon tayirod.

Tayirod wani ɗan nama ne mai fukafukai biyu a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan. A 1895 wani Bajamushe, Eugen Baumann, ya gano cewa naman nan yana tara aidin, a 1914 kuma Edward Kendall na Amurka ya tace homon da yake yi. Homon ɗin iri biyu ne: T4 mai ɗauke da ƙwayar aidin huɗu, da T3 mai ɗauke da uku. Mafi yawan abin da tayirod ke zubawa cikin jini T4 ne, sai gaɓoɓi su cire masa aidin guda ya koma T3, wanda shi ne mai ƙarfin aiki. Idan babu aidin, babu yadda za a yi a ƙera ko ɗaya daga cikinsu.

Jini yana kai homon ko'ina, amma ba kowace ƙwaya ke amsa shi ba. Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya nuna a 1958 cewa istirojin yana maƙalewa a mahaifa, ba ya maƙalewa a wasu sassan jiki, domin akwai wani furotin a ƙwayoyin mahaifa mai cafke shi. Irin wannan furotin shi ne makarɓi. A 1985 ɗakin binciken Ronald Evans a Cibiyar Salk ta Kalifoniya ya karanta ƙwayar gadon makarɓin kotisol, a 1986 na Pierre Chambon a Strasbourg ta Faransa ya karanta na istirojin, a wannan shekarar kuma aka gane na homon tayirod. Sai aka tarar duk 'yan gida ɗaya ne. Mutum yana da makarɓa 48 na wannan dangi. Kusan kowanensu yana da sashe mai kama zaren DNA a wani keɓaɓɓen wuri, da kuma wani aljihu inda homon yake shiga ya zauna.

Yadda aka gano mataimaka

Da farko an ɗauka cewa da homon ya shiga aljihun makarɓi, makarɓin kuma ya kama zare, to, magana ta ƙare. Amma wasu abubuwa sun ƙi dacewa da wannan zato. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Strasbourg suka lura cewa idan aka cika ƙwaya da makarɓin istirojin aka kuma ba shi homon, sai aikin makarɓin furojestaron ya ragu, ko da yake kowanensu da wurin da yake kamawa a jikin zare. Wannan ya nuna cewa akwai wani abu na uku wanda dukansu biyu suke bukata, wanda kuma bai wadata ba, har ɗaya yana iya ƙwace wa ɗaya.

Wanda ya san tashar kan iyaka ba zai sha wuyar gane wannan ba. Jami'i yana duba takarda ya buga hatimi, amma ba shi ke ɗaga shinge ba, ba shi ke kwance igiyar tamfol ba, ba shi kuma ke sauke buhuna ba. Idan motoci biyu suka iso tare, takardunsu duka sun cika, amma 'yan dako goma kaɗai ke wurin, dole ɗaya ta jira ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma makarɓi shi kaɗai ba ya buɗe ƙwayar gado.

A shekarar 1995 aka kama waɗannan ma'aikata da suna. Ɗakin binciken Bert O'Malley a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston ya gano wani furotin, SRC-1, wanda ke manne wa makarɓi bayan homon ya shiga, ya ninka aikinsa. A cikin shekarar nan kuma ɗakin Michael Rosenfeld da Christopher Glass a San Diego ya gano NCoR, ɗakin Evans ya gano SMRT. Waɗannan biyun akasin na farko suke yi: suna manne wa makarɓin homon tayirod tun homon bai zo ba, su hana a karanta ƙwayar gadon. Ta haka aka san cewa mataimaka ƙungiya biyu ne, masu buɗewa da masu rufewa. Daga wancan lokaci zuwa yau an lissafa fiye da 300.

Yadda suke aiki

Mataimaka ba sa kama homon, kuma galibinsu ba sa gane wurin da za su sauka a jikin zare da kansu. Makarɓi ne ke kiransu, kuma da siffar jikinsa yake kiran. A bakin aljihun makarɓi akwai wani ɗan marfi. Muddin aljihun yana wofi, marfin yana karkace, kuma gurbin da ya bari ya dace da jikin mai rufewa. Da homon ya shiga, sai marfin ya faɗo ya rufe aljihun, siffar wurin ta sāke, mai rufewa ya rasa abin kamawa ya saki, wani sabon gurbi kuma ya bayyana wanda ya dace da mai buɗewa. A 1997 ɗakin Malcolm Parker a Landan ya nuna cewa masu buɗewa da yawa suna da wani ɗan gajeren yanki iri ɗaya a jikinsu, wanda shi ke shiga wannan gurbi kamar yadda ɗan makulli yake shiga kwaɗo.

To, me suke yi idan sun sauka? A nan ne zancen kwarkwaro ya dawo. Tun 1964 Vincent Allfrey na New York ya lura cewa inda ake karanta ƙwayoyin gado, histon ɗin wurin yana ɗauke da wani ɗan sinadari mai suna asetil. A 1996 aka gano furotin masu liƙa asetil ɗin, da kuma masu ɓamɓare shi. Histon da zaren DNA suna jan juna kamar mayen ƙarfe da allura. Idan aka liƙa asetil, jan yana raguwa, naɗin ya saki, alamar kuma ta jawo wasu ma'aikata waɗanda ke ture histon gefe. Masu buɗewa irin su SRC-1 suna gayyato manyan furotin biyu, CBP da p300, masu liƙa asetil, daga nan wata ƙungiyar ta haɗa makarɓi da mai kwafar umarni, aiki ya kankama. Masu rufewa kuwa suna tafe da wani mai suna HDAC3, wanda ke ɓamɓare asetil, zare ya koma ya ƙulle tamau.

Ke nan homon bai ɗauke da umarni mai tsawo. Abin da yake yi kawai shi ne sauya siffar makarɓi, a sallami wata ƙungiya a kira wata. Yawan aikin da za a yi bayan nan ya danganta ga irin mataimakan da ke cikin ƙwayar, da yawansu, da kuma halin da suke ciki.

Abin da rashin aidin ke haifarwa

Makarɓin homon tayirod ya bambanta da na kotisol ta wata fuska mai muhimmanci. Na kotisol yana jira a wajen cibiya, sai homon ya zo sa'an nan ya shiga. Na tayirod kuwa yana zaune a kan zare dare da rana, ko da homon ko babu. Idan babu homon, ba zaman banza yake yi ba, yana riƙe da masu rufewa, suna danne ƙwayoyin gadon da ke ƙarƙashinsa. Misalinsa kamar shingen da aka rufe aka kuma zuba masu gadi, wanda ya fi shingen da aka watsar babu kowa wuyar wucewa.

An gwada wannan a jikin ɓeraye. A 1999 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin, tare da abokan aikinsu, suka samar da ɓerayen da ba su da makarɓin homon tayirod ko kaɗan. An zaci ba za su rayu ba, amma suka rayu, ko da yake da nakasa a girma da ƙashi. Lahanin da suka samu bai kai na ɓerayen da ke da makarɓi amma babu homon ba. Watau makarɓin da aka bari ba homon ya fi rashin makarɓin gaba ɗaya ɓarna, saboda masu rufewar da yake riƙe da su.

A jikin babba, ƙarancin homon yana kawo kasala, da jin sanyi, da bushewar fata, da nauyin tunani. Wani ɗan nama a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai lura da yawan homon a jini, yana ta aika wa tayirod umarnin ƙara ƙoƙari, tayirod kuma ya yi ta girma yana neman aidin da babu, har ya fito a wuya. Wannan shi ne maƙoƙo. Amma babbar asara tana kan ɗan tayi. Kafin tsakiyar goyon ciki, ɗan tayi ya dogara ne da homon uwarsa, kuma a watannin nan ake shimfiɗa ginin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin gadon da ya kamata a buɗe a wani ƙayyadadden lokaci, idan suka zauna a rufe har lokacin ya wuce, ba a iya komawa baya a gyara. Inda rashin ya yi tsanani ana haifar yaro mai taƙaitaccen girma da raunin hankali, wani lokaci da kurumta. Inda bai yi tsanani ba, babu abin da ido zai gani, sai dai yaro ya shiga makaranta karatu ya yi masa nauyi, a yi ta ɗora masa laifin rashin ƙoƙari.

Abin da jiki ke bukata kuwa ɗan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 a rana ga babba, 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Idan aka tara na shekara 70, bai kai giram 4 ba. Matsalar ita ce, taskar aidin teku ce, kuma ƙasar noma a wurare da dama ruwan sama ya wanke nata tun da daɗewa, don haka amfanin gonar da aka shuka a kanta ba ya ɗauke da isasshe. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan a shekarun 1980 ya nuna cewa gero yana da wasu sinadarai, musamman a dusarsa, masu rage wa tayirod ƙarfin sarrafa aidin, kamar yadda rogon da ba a jiƙa sosai ba yake yi. Wannan ba dalilin barin fura ko tuwon gero ba ne, domin illar tana bayyana ne inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Dalili ne dai na cewa jama'ar da gero ne cimarsu, irin ta Katsina da Maraɗi, sun fi kowa bukatar gishirinsu ya zama ingantacce.

Ya kamata kuma a sani ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. A 1967 likita Samuel Refetoff ya ba da labarin wasu 'yan gida ɗaya masu maƙoƙo alhali homon ya cika jininsu. Daga baya aka gane cewa a irin wannan ciwo makarɓin ne ke da aibi na gado: homon yana zuwa, amma makarɓin ba ya sakin masu rufewa yadda ya kamata, ko ba ya iya kiran masu buɗewa. Akwai kuma maƙoƙon da ke zuwa da yawan homon fiye da kima, da wanda ƙari ne ya fito a tayirod. Saboda haka mai kumburin wuya gwajin jini ya kamace shi a asibiti, kada ya hau shan aidin da ka.

Saƙo ɗaya, amsa daban daban

Sanin mataimaka ya bayyana dalilin da ya sa homon guda yake aiki iri daban a gaɓoɓi daban. Misali mafi shahara shi ne maganin tamoxifen, wanda aka fara ba masu sankarar mama a Ingila a farkon shekarun 1970. Sankarar mama da yawa istirojin ke ciyar da ita. Tamoxifen yana shiga aljihun makarɓin istirojin, amma yana da wani reshe da ke tokare marfin, ya hana shi faɗawa daidai, sai gurbin masu buɗewa ya toshe. A mama wannan yana tsayar da girman ƙari. Abin mamaki, a mahaifa maganin nan yana yin aiki irin na istirojin, har yana ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa. A 2002 Yongfeng Shang da Myles Brown a Boston suka nuna cewa ƙwayoyin mahaifa sun fi na mama yawan SRC-1, kuma yawan nan ne ke juya aikin maganin. Tun a 1997 ma an gano cewa kusan ɗaya cikin goma na ƙarin mama da aka bincika suna ɗauke da kwafi masu yawa na ƙwayar gadon wani mai buɗewa, AIB1, kuma yawansa yana cikin abubuwan da ke sa ƙari ya bijire wa magani. Darasin da ke nan ga asibitoci shi ne, tamoxifen ba ya amfani sai ga ƙarin da ke da makarɓin istirojin, don haka gwada naman da aka yanko wajibi ne kafin a ɗora mace a kansa.

Misali na biyu ya shafi sanyi da yunwa. A 1998 ɗakin Bruce Spiegelman a Boston ya gano wani mai buɗewa, PGC-1α, wanda yawansa ke hauhawa idan jiki ya ji sanyi. Yana haɗa kai da makarɓin homon tayirod da wasu 'yan'uwansa, a buɗe ƙwayoyin gadon da ke ƙona kitse domin samar da ɗumi, abin da jarirai suka dogara da shi ƙwarai a lokaci irin na hunturu. Shi ne kuma ke ƙaruwa a hanta idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, kamar mai azumi, ya taimaka a ƙera sukari a zuba cikin jini. A nan mataimakin ne yanayi ya taɓa, ba homon ba.

Misali na uku wata sankarar jini ce wadda a cikinta zaren gado yake karyewa ya haɗe ba daidai ba, a sami wani gurɓataccen makarɓi na sinadarin da jiki ke samu daga bitamin A. Makarɓin nan yana ƙanƙame masu rufewa, ƙwayoyin jini su kāsa balaga. Likita Wang Zhenyi na Shanghai ya ba marasa lafiya sinadarin da yawa, ya kuma buga sakamakon a 1988: ƙwayoyin suka balaga, ciwon ya lafa. Sai bayan shekara goma aka fahimci cewa yawan sinadarin ne ke tilasta wa makarɓin sakin masu rufewa. Ciwon da a da yake kisa cikin makonni, yanzu galibin masu shi suna warkewa idan sun sami magani da wuri.

Magungunan kasuwa

Akwai wani kaya da ke yawo a kasuwanni wanda wannan bayani ya shafa, watau magungunan da aka ƙera bisa siffar kotisol, irin su dexamethasone da wasu ke sha domin su yi ƙiba, da betamethasone da clobetasol da ake samu cikin wasu mayukan bilicin. A hannun likita magunguna ne masu ceton rai. Amma makarɓin kotisol yana cikin kusan kowane nau'in ƙwayar jiki, kuma a kowace gaɓa mataimakan da ya tarar su ke fassara saƙon. A fata sai ta yi sirara, a hanta sai sukari ya ƙaru, a ƙashi sai ya yi rauni, a garkuwar jiki sai ta yi sanyi, a fuska da ciki sai kitse ya taru, wanda shi ne ake ɗauka ƙiba ce ta lafiya. Mai sha ba shi da ikon zaɓen gaɓar da saƙon zai je. Har ila yau, wanda ya daɗe yana sha, jikinsa yana daina ƙera nasa kotisol, don haka yankewa farat ɗaya ma haɗari ne, sai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Komawa Jibiya

Sa aidin cikin gishiri tsohuwar dabara ce. Suwizalan ta fara a 1922, Amurka a 1924. An zaɓi gishiri domin mai kuɗi da talaka duk suna cinsa kullum, kuma gwargwadon da suke ci bai faye bambanta ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 1993 ya nuna maƙoƙo a wuyan kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba, kuma bayan dokar gishiri adadin ya sauka ƙwarai. Sai dai irin wannan nasara ba a yinta sau ɗaya a huta, domin jiki ba ya ajiye aidin na shekaru, kuma kowace shekara da sababbin masu ciki.

Garin kan iyaka yana da nasa matsayi a wannan aiki. Gishirin da ba a sa wa aidin ba, na teku ne ko na hamada, abin da ke cikinsa na aidin bai taka kara ya karya ba. Gishirin da aka yi domin lasar dabbobi ko jima yana iya ƙarewa a tukunyar miya saboda araha. Wanda aka sa wa aidin ma, idan aka zazzage shi a faranti ya wuni a rana, ko laima ta kama buhun, aidin ɗin yana raguwa. Sa'an nan kuma an rufe iyakar Jibiya a watan Agusta na 2019 ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sāke rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk lokacin da babbar hanya ta toshe, kaya suna komawa hanyoyin daji inda babu mai dubawa, alhali mutanen da ke cin gishirin, a wannan gefe da wancan, dangin juna ne masu auratayya da cin kasuwa ɗaya.

Gwajin kuwa ba shi da wuya. Akwai wani ruwa da ake ɗigawa a kan gishiri, idan da aidin sai ya rikiɗe ya yi shuɗi-shuɗi nan take. Jami'in kan iyaka, da duba-gari, da malamin makaranta, da ungozoma, kowanensu yana iya yinsa. Ga magidanta, abin da ake bukata shi ne a sayi gishiri a ƙunshinsa na asali mai alamar aidin, a ajiye shi a rufe nesa da murhu da laima, a kuma tabbata mai ciki ta je awo da wuri. Wannan ba kira ba ne ga ƙara cin gishiri, domin yawansa yana jawo hawan jini. Ɗan kaɗan ɗin da ake ci shi ake so ya zama mai aidin.

Kammalawa

An ga cewa homon saƙo ne kawai, makarɓi ke karɓarsa, mataimaka kuma ke zartar da shi ta hanyar sassauta naɗin zaren gado ko tsaurara shi. An ga kuma cewa makarɓin homon tayirod, idan aka bar shi babu homon, yana riƙe ƙwayoyin gado a rufe, kuma wannan ne ya sa rashin aidin a watannin farko na ciki yake barin tabon da ba ya gogewa. Ɗalibin kimiyya yana da fili a nan, domin masana suna kan neman magungunan da za su taɓa mataimaka kai tsaye, musamman a sankarar da ta bijire wa magani. Ma'aikacin hukuma kuwa nasa rabon ya fi kusa da hannu: buhun gishirin da ya ɗiga wa ruwan gwaji a Magama ko a kasuwar Jibiya yana da alaƙa da yadda wani yaro zai fahimci karatu bayan shekara bakwai. Rigakafi ya fi magani, balle a ciwon da idan ya riga ya auku ba shi da magani.